Yadda Za Ka Shiga Muhawarar Soyayyar Bleach Ba Tare da Ka Ɓata da Kowa Ba

A watan Agusta na shekarar 2016 mujallar Weekly Shonen Jump ta ƙasar Japan ta buga babi na 686 na Bleach, wanda shi ne ya rufe labarin zanen da Tite Kubo ya fara tun 2001. A nan ne masu karatu suka tarar an tsallake shekara goma bayan yaƙin ƙarshe, Ichigo Kurosaki ya auri Orihime Inoue har sun haifi ɗa mai suna Kazui, ita kuwa Rukia Kuchiki ta auri Renji Abarai suna da 'ya mai suna Ichika. Dama magoya baya sun daɗe a rabe gida biyu, masu kiran kansu IchiRuki da ke son Ichigo ya ƙare da Rukia, da kuma 'yan IchiHime da ke bayan Orihime, saboda haka wannan babi ya zama tamkar an watsa fetur a wuta. Wasu daga cikin waɗanda abin bai yi wa daɗi ba har sun ɗora hotunan littattafansu da suka yayyaga ko suka ƙona. Rigimar ba ta mutu ba, domin tun da katun ɗin talabijin na Bleach ya dawo a watan Oktoba na 2022 da kashin ƙarshe na labarin, sababbin masu kallo suna ta shigowa suna gadon faɗan da ba a gabansu aka fara ba. Ni kaina ina cikin waɗanda suka so Rukia, kuma na ɗauki lokaci kafin na koyi yadda ake tattauna wannan magana da mutunci. Abin da na koya shi zan shimfiɗa a nan.

Da farko, idan ka gama karanta ƙarshen kuma zuciyarka ta yi zafi, ka ajiye wayar na kwana ɗaya ko biyu kafin ka rubuta komai. Ɓacin ran gaskiya ne, kuma babu abin kunya a cikinsa, domin wanda ya bi labari mako bayan mako tsawon shekara goma sha biyar ya zuba wani yanki na rayuwarsa a ciki. Sai dai maganar da aka rubuta da zafin rai takan fi ƙarfin abin da ake nufi, kuma in ta fita ba ta dawowa.

Bayan haka sai ka tantance wane Bleach kake magana a kai, domin rabin rigimar daga nan take tasowa. Akwai littafin zanen da Kubo ya yi da hannunsa, wanda aka tattara a juzu'i 74. Akwai katun ɗin talabijin na kamfanin Pierrot, wanda ya gudana daga 2004 zuwa 2012 a kashi 366, kuma ya ƙunshi labarai da yawa da aka ƙara don cike lokaci saboda kada katun ya cim ma littafin. Akwai kuma finafinai, ciki har da na uku da ya fito a 2008, wanda aka gina shi kacokan a kan alaƙar Ichigo da Rukia. Masu katun sun tsawaita wasu wurare tsakanin waɗannan biyun, misali bankwanan da suka yi lokacin da Ichigo ya rasa ƙarfinsa, wanda a littafi bai wuce 'yan shafuka ba. Don haka mutumin da ya san labarin ta talabijin kaɗai da wanda ya karanta littafin suna iya kwana suna musu alhali ba abu ɗaya suka gani ba. Kafin ka kawo hujja, ka faɗi inda ka samo ta, kuma ka tambayi abokin maganarka cikin ladabi ko daga littafi tasa ta fito ko daga katun.

Mataki na gaba shi ne mafi nauyi, wato komawa ka sake karatu kana rarrabe irin alaƙar da ke gabanka. Labaran fatalwowi da ƙarfin ban mamaki suna da wata ɗabi'a da ke ruɗar mai karatu: a cikinsu mutane suna musayar ƙarfi, suna ceton juna daga mutuwa, suna ratsa duniyoyi saboda juna, kuma duk waɗannan a rayuwar yau da kullum alamun so ne mai tsanani. A cikin irin wannan labari kuwa, su ne aikin jarumi na kullum. Dubi yadda Bleach ya fara. Ichigo ɗan shekara 15 ne mai ganin fatalwa, Rukia kuma shinigami ce, wato ɗaya daga cikin mayaƙan da a labarin suke raka rayukan matattu suna kuma yaƙar miyagun halittun da ake kira Hollow. Ta ji rauni wajen kare shi, ta miƙa masa ƙarfinta ta hanyar takobin da ya ratsa ƙirjinsa, ta koma kwana a kabad ɗin ɗakinsa, daga baya aka yanke mata hukuncin kisa saboda wannan kyauta, shi kuma ya kutsa duniyarsu ya ceto ta. Wanda ya karanta wannan ya ce soyayya ce bai yi wauta ba. Amma akwai gwajin da ya kamata ka yi: ka tambayi kanka ko jarumin ya yi wa wani irin wannan. Amsar ita ce ya yi, domin da aka tafi da Orihime zuwa Hueco Mundo, wato duniyar Hollow, haka ya bi ta ba tare da izinin kowa ba. Idan ceto ne hujjar so, to ɓangarorin biyu sun yi kunnen doki, kuma dole a nemi wata shaidar.

Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce abin da mutanen labarin suka furta ko suka aikata lokacin da babu yaƙi a gabansu. Ka buɗe babi na 237 ka karanta a hankali, kana tuna cewa littafin Japan daga dama ake fara shi zuwa hagu kamar yadda muke karanta ajami. Ulquiorra, abokin gabar da ya zo tafiya da ita Hueco Mundo, ya ba Orihime awa goma sha biyu ta yi sallama da mutum ɗaya tak, da sharaɗin kada mutumin ya sani. Ta zaɓi Ichigo. Ta shiga ɗakinsa ta same shi yana barci, jikinsa naɗe da bandeji, ƙannensa mata biyu kuma sun yi barci a ƙasa kusa da gadon. Ta riƙe hannunsa, ta sunkuya kamar za ta sumbace shi, sai ta kasa, hawayenta ya ɗiga. Nan ta yi fatan a ce tana da rayuwa biyar, ta tashi a garuruwa daban, ta yi sana'o'i daban, amma ta so mutum ɗaya a kowacce. Babu wata fassara ta biyu da za a yi wa wannan shafi.

Haka ma Renji. Shi da Rukia sun tashi tare a Inuzuri, unguwar talakawa ta 78 a kudancin Rukongai, yankin da rayukan matattu ke zama a duniyar shinigami, suna satar abinci da ruwa don su rayu, abokansu uku suka mutu suka bar su biyu. Da gidan sarautar Kuchiki ya nemi ɗaukar Rukia, Renji ya danne zuciyarsa ya taya ta murna, sannan ya shafe shekara arba'in yana horo don ya zarce Byakuya, yayan riƙonta. Ranar da Ichigo ya kayar da shi, yana cikin jini ya cafki rigar wanda ya doke shi yana roƙonsa ya ceci Rukia. Wanda ya sake karanta wannan wuri da sanin ƙarshen labarin zai ga cewa an shuka irin tun a lokacin.

To, idan ka tattara waɗannan, ka yi adalcin faɗin abin da suka nuna da abin da ba su nuna ba, domin a nan ne muhawarar take samun amfani. Son da Orihime ke yi wa Ichigo a bayyane yake, haka ma wanda Renji ke yi wa Rukia. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ɗaya ɓangaren: ba a nuna mana Ichigo yana gane abin da ke zuciyarsa ba, ba a nuna neman aure ba, ba a nuna ranar da Rukia ta amsa ba, sai kawai aka tsallake shekara goma aka nuna mana yara. A ganina wannan suka ce mai tushe, kuma ɗan IchiHime mai gaskiya ya kamata ya amince da ita. Littafin zube da Makoto Matsubara ta rubuta, wanda ya fito a watan Disamba na 2016 a kan bikin Renji da Rukia, ya cike wani ɓangare na giɓin, amma bayan an riga an rufe labarin ne. Don haka ka raba tambayoyi biyu a duk lokacin da kake magana. Ta farko, shin an nuna alamun wannan ƙarshe? Ta biyu, shin an rubuta shi yadda ya gamsar? Mutum yana iya cewa e ga ta farko ya ce a'a ga ta biyu, kuma nan ne ni na tsaya. Yawancin faɗan da na gani yana faruwa ne saboda ɗaya yana amsa tambaya ta farko, ɗayan yana amsa ta biyu, kowa kuma yana ganin ɗan'uwansa ya kurumce.

Kafin ka mayar da martani, ka gwada maimaita hujjar abokin hamayyarka da kalmominka har sai ya yarda cewa haka yake nufi. Ɗan IchiRuki ba mafarki yake yi ba idan ya ce Rukia ce ta sauya rayuwar Ichigo, ita ce ke tsawata masa idan ya karaya, kuma ita ce ta dawo bayan wata goma sha bakwai ta sake soke shi da takobin da ya maido masa da ƙarfinsa. Wannan alaƙa ita ce ƙashin bayan labarin, ko da wane suna aka ba ta.

Akwai iyakokin da bai kamata a ƙetare ba ko da muhawara ta yi zafi. Kada ka mayar da sukar rubutu ta zama zagin mata, ka kira wannan raguwa mai kuka, ka kira waccan mai halin maza, domin a cikin masu karanta maganarka akwai 'yan mata da suke ganin kansu a jikin ɗaya daga cikin biyun. Kada ka bi marubucin ko masu yi wa mutanen katun murya da zagi a shafukansu. Bayan kammala labarin Kubo da kansa ya bayyana cewa ya yi fama da rashin lafiya a shekarun da yake zana shi, kuma duk wanda ya san wahalar fitar da babi kusan kowane mako tsawon shekara goma sha biyar zai sassauta harshe. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin masu bin littattafan soyayya da ake sakewa shafi-shafi a zaurukan WhatsApp sun san yadda ake rufar wa marubuciya idan ta aurar da jaruma ga wanda ba shi ake so ba. Sannan ka tuna da sababbin masu kallo: kada ka tona musu wa ya auri wa sai ka fara gargaɗi, ko da kuwa a wajenka tsohon labari ne.

Idan kai ne mai kula da zauren, ka ware wa wannan magana lokaci ko wuri nata, ka shar'anta cewa duk mai da'awa ya kawo lambar babi, kuma ka cire saƙon da ya taɓa mutuncin mutum tun na farko ba tare da duba ɓangaren da ya fito ba. Irin wannan rabuwar ta faru da Naruto, wani labarin zanen Japan, a 2014 lokacin da jaruminsa ya ƙare da auren Hinata, saboda haka dokar za ta yi maka amfani fiye da sau ɗaya.

Idan kuma bayan duk wannan zuciyarka ba ta saki ƙarshen da ka so ba, ka rubuta shi da kanka. Magoya baya a Japan sun daɗe da wannan al'ada ta zana nasu littattafai, har suna da babbar kasuwar Comiket da aka fara a Tokyo tun 1975, kuma shafuka irin su Archive of Our Own cike suke da labaran Ichigo da Rukia. Ka rubuta a sama cewa ƙirƙirarka ce, ka ambaci mutanen da ka haɗa domin wanda ba ya so ya wuce, kuma kada ka ɓata Orihime ko Renji don kawai ka share hanya. Wuri mai kyau na farawa shi ne wata goma sha bakwai ɗin nan da Ichigo ya yi ba ya ganin fatalwa ko ɗaya, domin littafin ya bar mafi yawan wannan lokaci a buɗe, kuma kana iya rubuta shi da Hausa ka kai wa zaurenku su karanta.