Kurakuran da malaman jami'a suka fi yi a lakca ta intanet, da yadda za a gyara su

A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a Najeriya, ga kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU da bai ƙare ba sai a watan Disamba. Kafin nan karatu daga nesa kusan sai a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ƙasa, wato NOUN, da cibiyoyi irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga baya malamai da dama suka rungumi Zoom da Google Meet ba tare da wani ya zaunar da su ya koya musu ba. Shi ya sa ake ta maimaita kurakurai iri ɗaya, kuma kusan duk tushensu guda ne: malam yana shirya darasi a kan kwamfutarsa, alhali ɗalibinsa da waya zai kalla, da datar da ya saya da kuɗin abincinsa, a unguwar da sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Babban kuskure shi ne ɗauko lakcar awa biyu yadda take a zauren karatu, a kafa kyamara a naɗe ta. A aji malam yana ganin fuskoki, idan ya ga an fara hamma sai ya jefo tambaya ko ya sauya misali. Bidiyo kuwa ba ya ganin kowa. A 2014 wani mai bincike, Philip Guo, da abokan aikinsa sun duba kallo kusan miliyan 6.9 na bidiyon darussa a dandalin karatu ta intanet na edX, suka gano cewa komai tsawon bidiyo, yawancin ɗalibai ba su cika wuce minti shida suna bin sa ba. Gyaran shi ne a yanka darasin gutsure-gutsure, kowane guntu da magana ɗaya da sunansa. "Ma'anar hauhawar farashi" daban, "Yadda ake auna ta" daban. Ba ina cewa dole komai ya tsaya a minti shida ba, akwai lissafin da ba ya warwaruwa sai an ba shi minti goma sha biyar. Amma ɗalibin da ke bita daren jarrabawa ya kamata ya iya zuwa kai-tsaye wurin da ya ɗaure masa kai, ba ya yi ta jan bidiyo gaba da baya ba.

Na biyu, kuma shi ya fi cutar da ɗalibai, shi ne a zuba dukkan bayani a zaman kai-tsaye. Malam yana tsakiyar warware magana sai sabis ɗin ɗaliba ya ɗauke. Kafin ta dawo an wuce, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce a maimaita ba. Bayani wurinsa naɗaɗɗen bidiyo, inda za a iya tsayarwa a sake saurare. Zaman kai-tsaye kuwa a bar shi don tambaya da amsa, da yin aiki tare, da gyara abin da aka fahimta a baibai. A tura bidiyon kwana biyu ko uku kafin zama, tare da 'yan tambayoyi, sannan a buɗe zaman da su. Shi ma zaman a naɗe shi don waɗanda wuta ko sabis suka hana, kuma a gaya wa ɗalibai tun farko cewa ana naɗa.

A nan ne wasu ke tuntuɓe da ƙa'idar manhaja. Zoom na kyauta yana katse taro bayan minti 40, kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum 100. Malamin da ke da ɗalibai ɗari huɗu a kwas ɗin gama-gari ya sani tun kafin ranar, ya raba su rukuni-rukuni ko ya nemi lasisin jami'a.

Sai batun nauyin fayil. Bidiyon awa guda mai tsananin kyau yana iya haura gigabayit ɗaya, alhali abin da ke cikinsa fuskar malam ce da rubutu. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga ɗalibi. A rage kaifin hoton bidiyon zuwa 480p ko 720p don ya rage nauyi, da manhajar HandBrake, kyauta ce. A fitar da muryar ita kaɗai, a haɗa da PDF, don wanda ba shi da halin bidiyo. Kada kuma a mayar da zauren WhatsApp ma'ajiya, domin cikin kwana biyu gaishe-gaishe da tallace-tallace za su binne darasin. A ajiye a dandalin koyarwa irin Moodle ko Google Classroom bisa tsarin makonni, WhatsApp ya tsaya a sanarwa.

Malamai kan kashe kuɗi a kan kyamara su manta da murya, alhali ɗalibi zai jure hoto mai duhu amma ba zai jure ƙarar janareta ba. Fanka tana kaɗawa saman kai, ɗaki ba labule ba kafet, murya tana amsa-kuwwa. Makirufon da ke jikin abin kunne na waya ya isa, idan an kusanto da shi baki. A naɗi minti guda, a saurara ta waya, sannan a ci gaba. Haka rubutun allo: abin da ya fito raɗau a kwamfuta, a fuskar waya sai ya koma kamar ƙafar tururuwa. A ƙara girman haruffa, a rage layuka. Mai koyar da lissafi ko kimiyya zai iya kife waya a saman tarin littattafai tana kallon farar takarda, ya riƙa rubutu da alƙalami mai kauri yana bayani. Ganin hannu yana warware lissafi mataki-mataki ya fi shafin da aka gama cikawa amfani nesa ba kusa ba.

"Kun gane ko?" Wannan tambaya ba ta aiki a intanet. Shiru za a ji, ko wakilin aji ya amsa a madadin kowa. A kira suna: "Hauwa, me zai faru da farashi idan aka ninka kuɗin da ke yawo?" Ko a sa kowa ya rubuta amsa a akwatin saƙo cikin minti biyu. Amma kada neman tabbacin halarta ya kai malam ga tilasta kunna kyamara. Tana cinye data, kuma akwai matar auren da ke ɗaki ɗaya da 'ya'yanta, akwai wanda ba ya son a ga inda yake kwana. Idan ana son sanin wanda ke bin darasi, a ba da ɗan gajeren gwaji duk mako, a bar shi a buɗe awa 48, maki ya fito daga nan maimakon daga jerin sunayen waɗanda sabis ya yi wa gata. Wajen sa lokacin zama kuma a kauce wa lokutan salla, a tambayi ɗaliban lokacin da aka fi samun wuta da sabis a inda suke, a tsayar da rana ɗaya har ƙarshen zangon karatu.