Kafin ka zaɓi jami'a saboda lambarta

Duk shekarar da aka fitar da jerin gwanayen jami'o'in duniya, sai ɗalibaina su zo da waya a hannu: "Malam, wannan ce ta 80, waccan ta 140, wacce zan nema?" Ba na ganin laifinsu, don ni ma lamba na bi lokacin digirina na biyu. Jami'ar ta yi suna, amma malamin da ke duba aikina ɗalibai sun yi masa yawa. Babin farko na kundina ya yi wata huɗu a kan teburinsa, ƙarƙashin tarin takardu, har gefensa ya naɗe.

Don haka ka fara da buɗe shafin da masu jerin suka bayyana yadda suke rabon maki. Jerin Shanghai, wanda ya soma a 2003, yana ba da kashi 30 cikin ɗari ga lambobin yabo na Nobel da Fields (ta fannin lissafi) da malamai ko tsofaffin ɗalibai suka samu, da kashi 20 ga binciken da aka buga a mujallun Nature da Science. Na kamfanin QS na Birtaniya kuwa kashi 30 ra'ayin malaman jami'o'i ne kan wacce ta yi fice, kashi 15 na masu ɗaukar ma'aikata. Wato suna ke jawo suna. Duk cikinsu babu wanda ya zauna a aji ya ga ko malami yana koyarwa.

Kuma ka sani, wasu alƙaluman jami'o'in ne da kansu ke miƙawa. A 2022 wani malamin lissafi a Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna shakku kan alƙaluman da jami'arsa ta bayar, sai ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18 a jerin jami'o'in Amurka na mujallar US News. Azuzuwan su ne dai, malaman ma su ne. Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan kuwa a 2023 ta ƙi ba mujallar Times Higher Education, mai fitar da nata jerin, bayananta gaba ɗaya.

Inda nake so ka ɓata lokacinka shi ne sashen da za ka shiga, domin a can za ka yi shekarunka. Duba sunayen malamansa da abin da suka wallafa kwanan nan. Tabbatar hukumar da ke ba da lasisin sana'arka ta amince da kwas ɗin, musamman likitanci, injiniyanci da lauya. Sannan ka nemo ɗalibai biyu ko uku da ke ciki yanzu, ka tambaye su kai tsaye: mutum nawa ne a aji? Idan ka miƙa aiki, sati nawa kafin a dawo maka da gyara? Waɗanda suka gama bara, ina suke? Tambaya ta biyun, ta gyaran aiki, ita ce ban yi ba lokacin digirina na biyu.

Akwai wurin da lamba ke aiki da gaske. Bizar da Birtaniya ta ɓullo da ita a 2022 don zaƙaƙuran masu digiri ta fara ne da jami'o'in da suka shiga 50 na farko a aƙalla biyu daga jerin QS, Times da Shanghai. Wasu masu ba da tallafin karatu ma suna gindaya irin wannan sharaɗi. Idan nan ka nufa, karanta sharaɗin na shekarar da kake nema, ka ga wane jeri suka ambata da kuma inda suka ja layi, tun kafin ka biya kuɗin fom.