Yadda na gyara na'urar GPS da ta kai min gona cikin ta maƙwabci

Makon jiya na je Kwalkwalawa auna gonar shinkafar Baba da ƙaramar kwamfutar hannu mai GPS a ciki. Na zagaya kan iyaka, na ɗauki kusurwa shida. Da na dawo Sakkwato na ɗora lambobin a manhajar taswira ta Google Earth, sai ga gonar ta matsa gabas da kimanin mita 80, rabinta cikin gonar maƙwabci. Hankalina ya tashi, domin rikicin iyaka ba ƙaramin abu ba ne.

Da farko hazo na zarga. Na koma washegari, na tsaya a fili nesa da itacen darbejiya, na bar ta kwata guda tana haɗa bayanan taurarin ɗan'adam. Huɗu take buƙata ta san wuri, ta kama tara. Duk da haka kuskuren bai motsa ba, kuma kullum gefe ɗaya yake. Nan na gane ba daga sama matsalar take ba.

Ashe wanda ya sayar min ya saita ta a kan ma'aunin Minna, wato wani tsarin lissafa lambobin wuri a taswira, wanda tsofaffin taswirorin Najeriya ke bi, alhali Google Earth da ma'aunin duniya na WGS 84 yake aiki. Na shiga saiti, na mayar da ita WGS 84, na tabbatar shiyyar UTM (tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya) tana 31, wadda Sakkwato ke ciki.

Na sake aunawa. Kusurwar farko ta faɗa daidai kan tsohon kututturen da Baba ya nuna min da sandarsa.