Yadda na rabu da tsamin haƙori a Jidda

Da zafin Jidda, ruwan sanyi ya gagare ni: da na kurɓa sai haƙoran gefen dama su tsirga har ka. Na ɗauka kogo ne, na yi ta danna kanumfari da kurkure baki da ruwan gishiri, a banza.

Likitar haƙori ta duba, babu ruɓewa. Dasashi ne ya ja baya saboda buroshi mai tauri, ga lemun tsami da na'ana'a da nake sha kullum yana cinye fatar haƙori. Ƙananan ƙofofin da ke kaiwa ga jijiya sun buɗe, shi ya sa sanyi ke shiga.

Ta shafa mini fuloraid, sinadarin ƙarfafa haƙori, a wurin. A gida na koma buroshi mai laushi da man Sensodyne mai potassium nitrate (sinadarin da ke kwantar da jijiyar haƙori), safe da dare, minti 2, a hankali. In na gama sai in tofar kawai, ban kurkurewa. Mutane da yawa suna tsallake wannan. Kafin barci ina ɗan dangwala man da yatsa a gindin haƙoran. Bayan abu mai tsami kuma sai na jira minti 30 kafin buroshi ko asuwaki.

Man ba ya aiki nan take, sai da aka yi makonni. Alhamdu lillahi, yanzu har Zamzam mai sanyi ina sha.