Jirgin ruwan roba: kurakuran da na gaji da gani a bakin ruwa

Mutum zai zuba kuɗi ya sayi jirgin ruwan roba, irin wanda ake hura wa iska, bai yi damina biyu ba sai ka ji yana zagin kamfani. Sau da yawa kamfani ba shi da laifi. Kamfanin Zodiac na Faransa, wanda asalinsa masu ƙera balan-balan na sama ne tun 1896, ya fara irin wannan jirgi a 1934, kuma a 1952 wani likita, Alain Bombard, ya ƙetare Tekun Atlantika a cikin ɗaya, kwana 65 daga tsibiran Kanari zuwa Babados. Abin da ya jure teku ba ruwan dam ne zai kashe shi ba. Mai shi ne ke kashe shi.

Na farko dai iska. Nan ne na ƙone, shi ya sa zan daɗe a kai. Wata safiya cikin watan Afrilu na hura jirgina a bakin dam ɗin Tiga, da sanyin asuba, har sai da ya yi tauri kamar ganga. Muka fito wajen hantsi, na ja shi tudu, na tafi neman abinci. Kafin azahar na ji ƙara kamar an harba bindiga. Haɗin roba ya yage fiye da kamu ɗaya. Wallahi ranar ko abincin ban iya ci ba, don a lokacin ban gama biyan kuɗinsa ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin waɗannan jirage iskar da ake so a gefunansu ba ta wuce 0.25 a gejin awon iska mai ma'aunin "bar" ba, kusan kashi ɗaya cikin tara na iskar tayar mota. A cikin ruwa, ruwan na sanyaya robar. A tudu kuwa, rana na dafa iskar ciki ta kumbura, abin da ka bari a 0.25 ya doshi 0.4, musamman in jirgin baƙi ne. Ni yanzu da na fito, kafin in cire rigar ceto ma, sai na sassauta kowane bawul kaɗan. Ina hurawa da famfon ƙafa da geji, ɗaki bayan ɗaki (gefunan jirgin a rarrabe suke ɗaki-ɗaki daga ciki), rabi-rabi, sannan in zagayo in cika, don kada bangon da ke raba ɗakunan ya ɗauki nauyi shi kaɗai. Masu kai jirgi wurin mai facin bakin titi ya ɗura masa iska da kwamfiresa kuwa, Allah ya shirye ku.

Sai faci. Jama'a, jirgi ba tayar keke ba ce! Sholisho da guntun tsohon tif ba sa riƙe shi. Robar jirgi yawanci iri biyu ce: PVC da Hypalon, kowace da nata gam, kuma na wannan ba ya kama waccan. Leƙa ta ramin bawul: in launin ciki da na waje ɗaya ne, PVC ce, in ciki baƙi ne ko ruwan toka mai duhu, Hypalon ce, ita kuma sai an goge ta da samfefa kafin a shafa gam. Gam mai haɗi biyu nake saya, in yanke facin da kewaye, ba kusurwa, in yi aikin a inuwa ranar da ba laima, in bar shi kwana biyu. Wasu na cewa kwana ɗaya ya isa. Su suka sani. Na taɓa yin gaggawa, facin ya ɗago muna tsakiyar ruwa da yara biyu a ciki.

Kafin ma ka ce ya huje, shafa ruwan sabulu a bawul tukuna. Sau tari yashi ne ya maƙale a ciki.

Kada ka ja shi a kan tsakuwa ko ƙaya. Ku ɗaga shi. Kada ka naɗe shi da danshi. In za ka ajiye shi a sito, rataye shi sama, don ɓera na son wannan roba ba kaɗan ba. Man sa mota ƙyalli mai silikon, kada ya taɓa shi, in ba haka ba gam ba zai ƙara kama wurin ba.

Akwai ɗan faranti a katakon baya da ke faɗin ƙarfin inji da yawan mutanen da jirgin ke ɗauka. Ba ado ba ne. Igiyar kashe inji kuma, wadda ke tsayar da inji in direba ya faɗa ruwa, a jikin direba ake ɗaura ta, ba a bar ta tana lilo a jikin inji kamar carbi ba.