Kujerar tsere a motar yawon gari: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Noti huɗu ne ke riƙe da kujerar direba a yawancin motoci. A jikin kujerar ake ɗaure makullin bel, a cikin sosonta ake ɓoye jakar iska ta gefe, a ƙarƙashinta kuma wayoyin sensa suke bi. Duk wanda ya cire ta don ya sa kujerar tsere a Civic, Golf, 406 ko BMW ɗinsa ya taɓa waɗannan duka, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ya sa idan aka kawo irin wannan aiki gareji a duba, ba a tsayawa kallon ɗinki da tambarin da ke jiki. Ƙasa ake leƙawa, can ɓarnar take.

Tun daga saye

Kujerun iri biyu ne. Akwai ta bokiti, wadda aka zuba ta gaba ɗaya da faiba ko kabon, bayanta ba ya motsi. Akwai kuma mai kwantawa, wadda take da kafaɗu da gefuna masu riƙe jiki amma ana iya tura bayanta gaba ko baya. Matasa sun fi son ta bokiti saboda ita suke gani a bidiyon tsere. Ga motar da za ta kai yara makaranta, ta tsaya a cunkoson Ahmadu Bello Way a Kaduna, ta yi Zariya ta dawo, mai kwantawa ce daidai. Ta bokiti sosonta siriri ne, kowane rami da kowane tudun rage gudu a ƙugu yake ƙarewa. Idan motar mai ƙofa biyu ce, ta rufe hanyar shiga baya ke nan. Idan kuma ana ɗaukar mutane a baya, abin da ke gaban fuskarsu busasshen faiba ne ba soso ba.

Mafi muni ita ce bokiti mai kunnuwa biyu a gefen kai. An yi kunnuwan ne don su tare hular kwano a filin tsere. A titi suna toshe gani ta gefe, kuma a garin da Keke Napep da mai babur ke ɓullowa daga inda ba a zata ba, wannan kaɗai ya isa a bar ta a shago.

Sai awo. Mutane na saye daga hoto a Instagram, kaya su iso daga Legas, a tarar ƙofa ba ta rufuwa saboda kafaɗar kujera ta tokare ta. A auna wuri uku a cikin motar kafin a biya: faɗin daɓe daga tudun giya zuwa bakin ƙofa, faɗin wurin kafaɗa har zuwa ginshiƙin da bel ke fitowa, da tsayi daga daɓe zuwa rufi. A auna jiki kuma, faɗin ƙugu a zaune da tsawon baya. Ramukan bel na sama su zo daidai kafaɗa ko sama da ita kaɗan. Mai yawan sa babbar riga ya tuna cewa gefuna masu tsayi sai an tsallaka su a kowace shiga da fita.

Jabu ya yi yawa a wannan harka. Kamfanonin kujerun tsere irin su Recaro, Sparco, Bride da OMP duk ana kwaikwayonsu, har da ɗinkin suna. Kujerar bokiti ta gaske da aka yi wa gwajin FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, tana da lakabi a gefenta mai lambar ƙa'ida, kamar 8855-1999, 8862-2009 ko 8855-2021, da kwanan wata. Ta 8855-1999 shekara 5 ake yarda da ita a gasa, sauran biyun shekara 10. Wadda wa'adinta ya ƙare ba lallai ta lalace ba, kuma takan yi sauƙin kuɗi, amma a cire rigarta a duba kewayen ramukan noti. In an ga tsagewa, ko fari-fari a faiba, ko alamar an yi faci, a haƙura. A jabu mai kwantawa, abin da ke fara karyewa shi ne maƙallin da ke riƙe baya. Mota ta buge ka ta baya, kujera ta kwanta, kai kuma ka zame daga cikin bel. Araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa bai kai ba, gara ya nemi kujerar asali ta wani samfurin motarsa mai gefuna, 'yar Kwatano, wadda za ta hau ramukan da ke nan ba tare da an huda komai ba.

Ƙafar kujera

Nan ne aka fi yin ganganci. Kujerar ta zo babu ƙafa, sai a kai motar wajen mai walda, ya yanko ƙarfen gado ko siririn falle, ya ɗiɗɗiga wuta, a ɗaure da notin da aka samu a aljihu. A tsaye ba ta motsi, kowa ya gamsu. Amma lissafin hatsari daban ne: idan mota ta tsaya da ƙarfin da ya ninka nauyi sau 20, mutum mai kilo 80 ya koma kamar kilo 1,600, kuma wani kaso na wannan nauyin ta ƙafar kujera zai bi.

Abin da ya fi shi ne a sayi ƙafar da aka ƙera don wannan motar takamaimai, mai hawa ramuka huɗu na kamfani. Waɗannan ramukan an ƙarfafa su daga ƙasa, sauran daɓen mota kuwa falle ne da bai kai milimita 1 ba a wurare da yawa. In ba a samu ba, masu aikin ƙarfe na Panteka za su iya, da sharaɗin a ba su awo kada a bar su da "za mu san yadda za mu yi". Ƙa'idar FIA ta ba da ma'auni mai amfani: kaurin ƙarfe kada ya gaza milimita 3, in alminiyam ne milimita 5, wurin ɗauri huɗu aƙalla, noti kada ya gaza M8 (mai kaurin milimita 8), in an huda daɓe, kowane rami ya sami faranti a ƙasa mai faɗin santimita murabba'i 40. A zagaye kusurwoyin farantin don kada su yanka daɓen. Walda ta zama cikakken layi, ba ɗigo ba, a shafa fenti kafin damina ta sa tsatsa. Kafin a sa dirila a leƙa ƙasa, domin bututun mai da na birki ta nan suke wucewa.

A duba kan kowane noti. Sai an ga lambar ƙarfi 8.8 ko 10.9. Wanda babu lamba a kansa na ƙofar gida ne. Farin noti mara tsatsa mai lamba A2-70 yana da kyau a ido, amma bai kai 8.8 ƙarfi ba. Noti M8 mai lamba 8.8 ana ɗaure shi da ƙarfin murɗawa wajen Nm 25. Na daɓe kuwa a mayar da na asali, a bi adadin da littafin motar ya faɗa, da sifana mai auna ƙarfi. Ɗaurewa da bututu har sai ya yi ƙara yana miƙar da noti ne, ba ya ƙara masa ƙarfi. A sa ɗigon Loctite shuɗi, wato gam ɗin da ke hana noti kwancewa, ko macen noti mai roba a ciki, saboda girgizar hanya. Tsawon noti ma abin kulawa ne a kujerar da ake ɗaurewa ta gefe: in ya yi tsawo zai huda cikin kujera ya tokari cinya, in ya gaza zare kaɗan ne zai kama.

Tara wasoshi shida ko bakwai a ƙarƙashin ƙafa don a ɗaga kujera kuskure ne da ake gani kullum. Notin ya zama dogon sanda mai lanƙwasawa. Idan ana son ƙarin tsayi, a canza rami a ƙarfen gefe, ko a sa dunƙulen ƙarfe guda mai faɗi.

Layin da kujera ke zamewa a kai kuwa, a nemi mai kullewa ta ɓangare biyu. Mai kulle gefe ɗaya yakan murɗe idan aka yi karo. Wajen haɗawa a sa duk notin a sake, a daidaita layukan biyu su kama haƙori ɗaya, a ja kujera gaba da baya har ƙarshe, sannan a ɗaure. Idan sai an yi kokawa kafin ta zame, layukan ba su miƙe tare ba, kuma akwai yiwuwar gefe ɗaya bai kulle ba. Tazarar ramukan ƙasa ta bambanta tsakanin kamfanoni, don haka layin Sparco ba lallai ya hau Recaro ba. Kada a huda sabon rami a jikin kujera don a tilasta shi.

Bel

A motoci da yawa makullin bel a jikin tsohuwar kujera yake. An cire ta, sai a rasa inda za a sa shi, a ɗaure shi da ɗan ƙaramin noti a jikin layi, wani ma ya bar shi a ƙasa. Dole ƙafar ta kasance da kunne na musamman mai kauri, a ɗaure makullin da notinsa na asali, wanda galibi zarensa 7/16 UNF ne ko makamancinsa. Bayan an zauna a duba inda bel ɗin ƙasa ya kwanta. A kujera mai dogayen gefuna yakan haye saman gefunan ya bar rata, ko ya hau ciki. Wurinsa kan ƙashin ƙugu ne, a manne. A bokiti sai an bi da shi ta ramukan gefe, makullin ma ya leƙo ta ramin ɗaya ɓangaren.

Jan bel mai igiya huɗu da ake sawa don ado shi ne abin da ya fi tayar da hankali. Igiyoyin kafaɗa na jan na ƙugu sama zuwa ciki, a karo mutum ya sulale ta ƙasansa, bel ya danne hanji. Don hana haka ne na tsere ke da igiya ta biyar ko ta shida tsakanin ƙafafu. Sannan akan ɗaure igiyoyin kafaɗa a daɓe daidai bayan kujera, su sauka a tsaye. A karo wannan na danne ƙashin baya ƙasa. Ya kamata su tafi baya kusan a kwance, saukarsu kada ta wuce digiri 20, wanda ke nufin sai an sa sandar ƙarfe ta musamman a bayan kujera. Ko an yi duk wannan, saura matsala biyu: jiki a ƙame yake amma kai na tafiya gaba, wuya ya ɗauki nauyin, kuma in mota ta kife babu kejin ƙarfe, bel ɗin ya riƙe mutum a miƙe yayin da rufi ke saukowa. Bel mai igiya da yawa, keji, hular kwano da abin tare wuya tare suke aiki. A titi a bar bel ɗin kamfani mai wurin ɗauri uku. Shi ne wanda aka gwada da jakar iskar motar, shi kuma jami'an kula da titi na FRSC da KASTLEA ta Kaduna suka sani.

Wayoyi masu kan rawaya

Kafin a taɓa komai: in kujerar ta lantarki ce, a matsa ta a kwance notin gaba da na baya tukuna, sannan a kashe mota, a cire kan batir na nagetif, a jira minti 3 aƙalla. Filogi mai launin rawaya na jakar iska ne ko na abin da ke fizgar bel a lokacin karo. Kada rewaya ya sa masa mita ko fitilar gwaji, wutarsu na iya tayar da shi. Kada kuma a kunna mota filogin na cire, domin kwamfuta za ta riƙe laifin, fitilar SRS, wato ta gargaɗin jakar iska, ta kama, a wasu motocin sai an sa sikana kafin ta mutu.

Kuskuren da ake yi idan fitilar ta kama shi ne a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif. Wannan ya ɓoye duk wani laifin da zai zo nan gaba, har da na jakar sitiyari. Wasu na sa resista mai kimanin om 2 zuwa 3 a filogin don kwamfuta ta ɗauka jakar gefe na nan. Yana kashe fitilar, sauran jakunkuna su ci gaba da aiki, amma a faɗi gaskiya: kariyar haƙarƙari ta tafi, kuma duk wanda zai sayi motar yana da haƙƙin a gaya masa. Kujerar mai zaman banza, wato ta fasinjan gaba, ta fi rikitarwa, don a motoci da yawa tana da sensar nauyi da ke yanke hukuncin ko jakar gaba za ta tashi. In motar na da ita, shawara mafi sauƙi ita ce a bar wannan kujerar yadda take.

Zama daidai ba shi da wuya a gwada. Kafaɗu na manne da kujera, wuyan hannu ya kai saman sitiyari. An take kuloci ko birki har ƙasa, gwiwa na da sauran lanƙwasa. Tsakanin ƙirji da sitiyari santimita 25 ko fiye. Tsakiyar kujera ta fuskanci tsakiyar sitiyari. Ƙafar da aka ƙera da gaggawa takan karkatar da ita zuwa ƙofa, bayan wata guda direba ya fara kukan ciwon baya. Saukar da kujera can ƙasa har hancin mota ya ɓace wa gani ba gwaninta ba ce.

Baƙar leda a zafin Maris da Afrilu azaba ce, yadi ya fi. Ƙurar hunturu na cika layin zamewa, a goge shi a sa giris kaɗan, don mai yawa ƙura yake tarawa. Tsofaffin kujerun a ajiye su a inuwa, filoginsu a rufe, saboda ranar sayar da mota. Bayan mako guda ana hawa, a sake bin kowane noti da sifana mai auna ƙarfi, a kama saman kujerar a girgiza ta da ƙarfi gaba da gefe. In an ji ƙwas ko an ga motsi a ƙasa, a sauke ta a nemo dalili kafin a sake hawa titi.