Yadda Tsohon Sojan Amurka Zai Samu Amincewa da Kuɗin Tiyatar Rage Ƙiba

Tsohon sojan da ƙiba ta yi wa katutu, gwiwoyi suka fara gaza ɗaukarsa, ciwon suga da hawan jini kuma suka biyo baya, yakan ji labarin cewa Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ta Amurka, wadda aka fi sani da VA, tana ɗaukar nauyin tiyatar rage ƙiba. Labarin gaskiya ne, amma ba a amincewa da wannan aiki don mutum ya koka da baki kawai, sai an ga shaida a rubuce cikin fayil ɗinsa na asibiti. Saboda haka, duk matakin da za ka ɗauka ka tabbata ya bar sawu a takarda.

Ƙofar farko ita ce rajista da sashen lafiya na VA, ana kuma yin ta ne da fom mai lamba 10-10EZ, tare da takardar sallama daga aikin soja, wato DD214. Ga waɗanda suka shiga soja bayan 7 ga Satumba, 1980, ana buƙatar su yi wata 24 a jere suna aiki, ko su cika wa'adin da aka kira su dominsa, sai dai idan rauni ko wani uzuri da doka ta sani ne ya sa aka sallame su. Wani abu da ke rikita mutane da yawa shi ne zaton cewa sai an danganta ƙibar da aikin soja kafin a yi maganinta. Ba haka ba ne: da zarar an karɓi rajistarka, kana da haƙƙin maganin ƙiba idan likitocin VA suka ga lafiyarka na buƙatarsa.

Daga nan sai maganar awo. Likitoci na amfani da ma'aunin BMI, wanda ake samu ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita bayan an ninka tsayin da kansa. Mai tsayin mita 1.75 da nauyin kilo 125, alal misali, awonsa ya ɗan haura 40. Ƙa'idar da VA da Ma'aikatar Tsaro suka fitar tare a 2020 ta ba da damar a gabatar da tiyata ga wanda awonsa ya kai 40, ko wanda ya kai 35 tare da wata cuta da ƙiba ke haddasawa, ko kuma wanda ya kai 30 yana fama da ciwon suga nau'i na biyu. Wannan ne ya sa bai kamata ka raina gwajin barci ba. Idan iyalinka suna cewa minsharinka na yankewa, numfashi ya ɗauke na ɗan lokaci sannan ka farka a firgice, ka gaya wa likita ya tura ka a gwada ka, domin tabbatar da wannan cuta a rubuce kan sa mai awo 36 ya cika sharaɗin da a da bai cika ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne shirin MOVE!, wanda VA ta shimfiɗa a asibitocinta tun 2006 don koya wa tsofaffin sojoji tsarin cin abinci da motsa jiki. Mutane sukan ɗauke shi ɓata lokaci, su je sau biyu su daina, alhali kuwa halartar wannan shiri ita ce babbar shaidar da masu tiyata ke nema cewa an gwada hanya mai sauƙi ba ta wadatar ba, kuma mutumin zai iya riƙe doka bayan an yi masa aiki. A ganina suna da hujja, domin wanda ya kasa zuwa aji na 'yan watanni da wuya ya jure shan ƙwayoyin bitamin da ake sha bayan tiyatar har ƙarshen rayuwarsa. Tsawon lokacin da ake so a halarta ya bambanta daga wannan asibiti zuwa wancan, don haka tun ranar farko ka nemi a ba ka sharuɗɗan asibitinka a rubuce. Ka hau sikeli duk ranar da ka je, ka tabbata an shigar da awon, idan kuma wani uzuri ya hana ka zuwa, ka aika saƙo ta My HealtheVet, shafin intanet na VA na marasa lafiya, maimakon kiran waya, saboda saƙon yana zama a ajiye da kwanan watansa.

Likitanka na yau da kullum ne zai rubuta takardar tura ka wurin masu tiyata, kuma kada ka jira shi ya fara ɗaga maganar; ka faɗa masa kai tsaye cewa kana so a duba cancantarka. Abin da zai biyo baya shi ne ganawa da masanin abinci, gwajin jini, duba zuciya, wani lokaci a zura na'ura ta maƙogwaro a leƙa tumbi, sannan zama da likitan ƙwaƙwalwa. Wannan zama na ƙarshe yana tsorata waɗanda suka dawo daga fagen yaƙi da firgici ko ciwon damuwa, har wasu su ɓoye halin da suke ciki. Ɓoyewar kuskure ce, domin abin da ake son gani shi ne mutum yana karɓar magani kuma hankalinsa a kwance yake. Taba kuwa dole ne a bar ta, ana ma gwada jini ko fitsari don tabbatarwa, saboda tana hana miki warkewa kuma tana jawo gyambo a inda aka ɗinke.

Nau'in tiyata biyu aka fi yi. A ɗaya ana yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. A ɗayan kuma ana ware 'yar ƙaramar jaka daga saman tumbin a haɗa ta da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Mai yawan ƙwannafi ya sanar da likita tun wuri, domin aikin farko na iya ƙara shi.

Ba kowane asibitin VA ne ke yin wannan tiyata ba, kuma a nan ne dokar MISSION ta 2018 take da amfani. A ƙarƙashinta, tun Yunin 2019, VA na iya biya wa tsohon soja aiki a asibitin waje idan ba ta da aikin a kusa da shi, ko tafiyar mota zuwa wurin ƙwararrunta ta wuce minti 60, ko jiran ganinsu ya wuce kwana 28. Sharaɗin da ba ya karɓar sassauci shi ne izini ya riga wuƙa: wanda ya kai kansa asibitin kuɗi aka yi masa aiki, sannan ya kawo rasit daga baya, shi zai biya daga aljihunsa. Ka karanta takardar izinin da kyau, ka ga ta ƙunshi sunan aikin, kwanciyar asibiti da ganin likita bayan sallama, ka kuma lura da ranar da za ta daina aiki.

Abin da za ka biya da kanka ya danganta ne da rukuninka a cikin rukunai 8 da VA ke kasa masu rajista. Wanda aka ƙiyasta naƙasarsa ta aikin soja da kashi 50 cikin ɗari ko fiye yana rukuni na 1, ba ya biyan komai, yayin da wasu ke biyan dala 50 a kowace ganawa da ƙwararren likita, da wani kaso na kwanciya. Wanda ya yi ritaya bayan shekara 20 yana da ƙofa ta biyu, wato inshorar TRICARE, mai nata sharuɗɗan. Ga 'yan'uwanmu da suka yi aikin sojan Amurka suka koma Kano ko Yamai ko Kumasi, ya kamata su sani cewa a wajen Amurka VA na biyan maganin cutar da ta riga ta danganta da aikin soja ne kawai.

Idan aka ƙi amincewa, ka nemi dalilin a rubuce, domin sau da yawa gwaji ɗaya ne ya rage, ko awon suga ne bai sauka yadda ake so ba. Idan kuma ka ga an tauye ka, kowane asibitin VA yana da jami'in kare haƙƙin marasa lafiya, ta hannunsa ake miƙa ƙorafi ga shugaban likitocin asibitin, in ba a gamsu ba a ɗaukaka shi zuwa ofishin shiyya.

Ranar da za a sa maka lokacin aiki, ka ɗauki kalanda ka duba nisansa da watan Ramadan. Makonnin farko bayan tiyata ruwa-ruwa ake sha, kurɓi-kurɓi daga safe har dare, kafin a koma ga abinci mai laushi cokali kaɗan, kuma ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da suka fi mayar da mutane gadon asibiti a wannan lokaci. Ka gaya wa likitan tiyata cewa kana azumi, ku tsara ranar tare, shi ne kuma zai faɗa maka lokacin da jikinka zai iya ɗaukar yini ba tare da ruwa ba.